Me ya sa sai yanzu? Tarihin dosiyen da ke barci a Nijar



Akwai wata tambaya da kowane ɗan Nijar ya iya, ko bai taɓa shiga lakwal ba. Da zarar an ce a rediyo an kama wani babba bisa zargin cin kuɗin ƙasa, kafin mai labarai ya rufe baki za ka ji wani a fada ya ajiye kofin shayi ya ce: "To, me ya sa sai yanzu?" Daga nan hira ta koma kan wanda ya ɓata da wane, da zaɓen da ke tafe. Kuɗin da aka ce sun ɓace kuwa, ba wanda zai sake tuna su.

Na daɗe ina tunanin wannan tambaya, domin ni ma na sha yin ta. Tambaya ce mai tushe, tarihinmu ne ya koya mana ita. Amma na lura tana da wata illa: tana haɗiye tambayar da ta fi ta muhimmanci, wato shin an ci kuɗin ko ba a ci ba, kuma na wa ne. Ina so mu bi tarihin tare, mu fi tsayawa kan shari'ar da ta shafe mu kai tsaye, mu masu riƙe da alli da ku masu turo mana yara.

Abin ya girmi dimokuraɗiyyarmu. Ranar 15 ga Afrilun 1974 Laftanar Kanar Seyni Kountché ya kifar da gwamnatin Diori Hamani. Babban dalilin da sojoji suka bayar shi ne yunwa: an yi shekaru ana fari, dabbobi sun ƙare, mutane sun bar garuruwansu, ga kuma zargin cewa abincin agajin da aka kawo daga waje yana ƙarewa a rumbunan manya da kasuwanni. Dattawanmu da suka ga lokacin ba su musun wahalar da aka sha. Sai dai juyin mulkin ya faɗo daidai lokacin da Diori yake matsa wa Faransa ta ƙara kuɗin uraniyom, shi ya sa har gobe akwai masu cewa ba yunwa kaɗai ta kawo sojoji ba. An tsare Diori shekaru ba a taɓa gurfanar da shi gaban kotu ba. Saboda haka ƙasa ba ta samu ranar da aka zauna aka ce ga buhu nawa ya ɓace, ga wanda ya ɗauka ba. Zargi ya yi aikinsa na siyasa, sannan aka bar shi a rataye.

Babban taron ƙasa da aka yi a Yamai daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamban 1991 ya so ya gyara wannan. An kafa kwamitin binciken laifukan siyasa da na tattalin arziki, talakawa suka kasa kunne a rediyo suna jin ana ambaton sunayen da a da ba a iya furtawa. Mutane da yawa sun ɗauka daga ranar an daina ɓoye-ɓoye. Shekaru 15 bayan haka sai ga maganar MEBA.

Ga matasan malamai da ba su riski abin ba, MEBA gajeren sunan ma'aikatar ilimin firamare da yaƙi da jahilci ne a wancan zamani. Tun 2003 Nijar ta shiga wani shiri na shekaru goma don bunƙasa ilimi, wanda aka sani da PDDE, ƙasashe da hukumomin waje suna zuba kuɗi a ciki domin gina azuzuwa, sayen littattafai da tebura, da ɗaukar malamai. A 2006 binciken da masu ba da tallafin suka sa aka yi ya gano an yi aringizon farashi, an kuma biya kuɗin kayan da ba a kawo ba. Adadin da aka yi ta ambata ya kai wajen miliyar 4 na sefa. Masu tallafin suka dakatar da kuɗinsu.

A lokacin ina sabon malami a wani ƙauye, ban daɗe da fitowa daga makarantar horon malamai ba. Ajina na zana ne, yara a ƙasa, littafin karatu ɗaya a tsakanin yara da yawa, idan iska ta taso sai mu rufe ido mu jira ta wuce. Ranar da na ji adadin nan a rediyo ban iya ƙiyasta shi ba. Abin da na fahimta kawai shi ne teburan da muke jira an riga an biya kuɗinsu a takarda.

Ga yadda abubuwa suka biyo baya, ku lura da ranakun. A watan Yunin 2006 aka sauke ministoci biyu da suka riƙe ma'aikatar, Ary Ibrahim da Hamani Harouna. A watan Agusta aka kama Maman Abou, mai jaridar Le Républicain wadda ta yi ta fallasa takardun badaƙalar, tare da abokin aikinsa Oumarou Keïta. Tuhumar da aka yi musu a kan wani rubutu ne dabam da ya shafi hulɗar gwamnati da Iran, aka yanke musu ɗaurin wata 18, kafin a sake su a watan Nuwamba. Mutane da dama sun ce maganar MEBA ce ta ja musu. A watan Oktoba majalisar dokoki ta amince a tuhumi ministocin biyu, aka kai su gidan kaso.

Sai maganar ta hau sama. Ƴan adawa suka ce dole Firaminista Hama Amadou ya yi bayani a gaban masu bincike, suka zargi gwamnati da kawo cikas. Ranar 31 ga Mayun 2007 aka kaɗa ƙuri'ar yanke ƙauna, ƴan majalisa 62 daga cikin 113 suka amince, gwamnatin da ta shekara bakwai ta faɗi. Ku yi lissafin da kanku: PNDS da ƙawayenta kujeru 25 suke da su. Ragowar ƙuri'un daga ɓangaren masu rinjaye suka fito, wato daga cikin gida. Bayan makonni biyu aka yi wa ministocin nan sakin wucin gadi.

Abin da ya faru a shekarar da ta biyo shi ne ya dasa tambayar "me ya sa sai yanzu" a zukatan tsarana. A watan Yunin 2008 majalisa ta amince a gurfanar da Hama Amadou, aka kai shi gidan kason Kutukale. Tuhumar ba ta MEBA ba ce. An zarge shi ne da karkatar da miliyan 100 na asusun taimakon ƴan jarida, wato kashi ɗaya cikin arba'in na abin da aka ce ya ɓace daga kuɗin ilimi. Shi ya musanta, ya ce makirci ne don a hana shi takara. A lokacin shi ne shugaban jam'iyyar MNSD mai mulki, kuma shi ake kallo a matsayin magajin Shugaba Mamadou Tandja, wanda tsarin mulkin 1999 ya ƙayyade masa wa'adi biyu da za su ƙare a watan Disamban 2009. Kafin ƙarshen 2008 aka fara kiran tazarce. A watan Fabrairun 2009, yana tsare, taron jam'iyyar a Damagaram ya miƙa shugabancinta ga Seini Oumarou. Ko wanda ba ya ƙaunar Hama ya ga biri ya yi kama da mutum.

Guguwar tazarce ta maimaita darasin. Tun 2008 ƙungiyoyin farar hula suke kuka kan alawus ɗin da ƴan majalisa suke ɗiba wa kansu, kukan kuma na gaskiya ne. Amma sai da majalisa ta ƙi ba da haɗin kai, Tandja ya rusa ta ranar 26 ga Mayun 2009, ya rusa kotun tsarin mulki a ƙarshen Yuni, ya yi ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agusta, sannan a watan Satumba aka fara kiran tsofaffin ƴan majalisa ana tuhumarsu, har da madugun adawa Mahamadou Issoufou. Ranar 18 ga Fabrairun 2010 sojoji ƙarƙashin Salou Djibo suka kifar da Tandja. Shi ma sai ga dosiyensa ya fito, aka kai shi gidan kason Kollo a farkon 2011 bisa zargin almundahana, kotun ɗaukaka ƙara ta sake shi a watan Mayun shekarar. Wanda ya sa aka buɗe wa wasu dosiye jiya, yau an buɗe nasa.

Zagaye na gaba kun san shi. A 2011 Hama ya mara wa Issoufou baya a zagaye na biyu, ya zama shugaban majalisar dokoki. A watan Agustan 2013 jam'iyyarsa ta Lumana ta fice daga ƙawancen masu mulki. Ba a cika shekara ba maganar jariran da aka ce an sayo daga Najeriya ta fashe, a watan Yunin 2014, aka kama mutane da dama har da ɗaya daga cikin matansa. A ƙarshen Agusta ya bar ƙasar. Da ya dawo ranar 14 ga Nuwamban 2015 aka kama shi a filin jirgi aka kai shi Filinge, daga can cikin kaso ya yi takarar 2016 har ya zo na biyu. A watan Maris na 2017 aka yanke masa ɗaurin shekara ɗaya, hukuncin da kotun tsarin mulki ta dogara da shi ta ƙi karɓar takararsa a watan Nuwamban 2020. Har ya rasu a watan Oktoban 2024 bai daina cewa bi ta da ƙulli aka yi masa ba. Magoya bayan gwamnatin lokacin kuma suna nuna cewa cikin waɗanda aka kama akwai minista mai ci daga ɓangarensu. Kowane gefe yana da abin riƙewa. Yaran da aka yi shari'ar a kansu, da matan da suka haife su, su ne ba a cika jin wani ya tambayi makomarsu ba.

Akwai kuma dosiyen da ya fito ba don wani ya so ba. Bayan harin Inates na 10 ga Disamban 2019 da na Shinagodar na 9 ga Janairun 2020, inda muka rasa sojoji 71 da 89, binciken ma'aikatar tsaro ya bayyana a watan Fabrairun 2020, yana maganar asarar kimanin miliyar 76 ta hanyar aringizo da kayan yaƙin da ba a kawo ba. Wannan karon zargin ya taɓa ƴan kwangila na kusa da masu mulki. Hukuma ta fi karkata ga sasantawa, a maido kuɗi ko a kawo kayan. Waɗanda suka fara kwana a kaso su ne jagororin farar hula da suka kira zanga-zangar 15 ga Maris, wadda aka hana, aka kuma rasa rayuka uku a cikinta. A nan ma wasu sun tambaya me ya sa sai a shekarar zaɓe. Iyalan sojojin da suka kwanta dama ba wannan ce tambayarsu ba.

To me ya sa abin yake maimaita kansa, ko wace jam'iyya ce a sama? Ba na jin halin mutum ɗaya ne. Ku dubi yadda aka gina hanyar. A ƙarƙashin tsarin mulkin 1999 da na 2010, ba a shari'ar minista kan abin da ya aikata a bakin aiki sai a wata kotu ta musamman, wadda ƴan majalisa ke cikin masu zama a kujerun alƙalanta, kuma ba a kai shi can sai majalisa ta kaɗa ƙuri'a. Ɗan majalisa ma ba a taɓa shi sai an cire masa rigar kariya. Mai gabatar da ƙara yana ƙarƙashin ministan shari'a. Rahoton manyan sufetocin ƙasa kuma teburin shugaban ƙasa yake zuwa. Ma'ana, mabuɗin ƙofar kotu yana aljihun mai rinjaye. Muddin kana cikin inuwa, dosiyenka yana barci a durowa. Ranar da ka fita, sai a tashe shi. Dosiye mai barci ma ya fi amfani ga mai mulki a kan wanda aka kai kotu, domin da shi ake riƙe mutum, a hana shi motsi, ko a jawo shi daga adawa.

An kafa hukumomi don magance wannan. Gwamnatin riƙon ƙwarya ta 2010 ta kafa kwamitin ƙwato dukiyar ƙasa, a 2011 aka kafa HALCIA, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka kafa COLDEFF. Ma'aunin kowace irin wannan hukuma ɗaya ne, kuma ba ya canzawa da canjin gwamnati: shin tana iya taɓa na hannun daman wanda ya kafa ta, tun yana kan kujera?

Yanzu ga inda nake so mu yi wa kanmu faɗa. Tun da mun saba ganin ana tashin dosiye a lokacin da ya dace da mai mulki, sai muka ɗauki lokacin a matsayin hujjar wanke wanda ake zargi. Idan namu ne aka kama, mu ce siyasa ce, shi ke nan. Idan na wancan gefe ne, mu ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Alhali abu biyu suna iya zama gaskiya a tare: an ci kuɗi, kuma wanda ya fallasa yana da muguwar manufa. Hausawa sun riga mu gane wannan da suka ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mugun nufin mai tuhuma ba ya maido ko dala ɗaya cikin asusu, haka kuma girman zargi ba ya zama hujja a kan mutumin da kotu ba ta kama da laifi ba.

Wannan ɗabi'a tamu riba ce ga kowane mai hannu dumu-dumu. Ya san ranar da aka taɓa shi ba sai ya yi bayanin kuɗi ba, ya isa ya ce ana yi masa bi ta da ƙulli, mutanen garinsu da ƴan jam'iyyarsa su fito. Riba ce kuma ga mai mulki, domin ba wanda zai matsa masa ya kai shari'a ƙarshe, tun da an riga an kawar da abokin hamayya. Wanda ake zalunta da gaske shi ma ya yi asara, don ba ranar da za a wanke shi wankewar da kowa zai yarda da ita. Ku tambayi abokan aikinmu yau yadda maganar MEBA ta ƙare, nawa aka maido, wace makaranta ta samu teburanta. Za su ba ku labarin faɗuwar gwamnatin 2007 tiryan-tiryan, amma a kan kuɗin sai su yi shiru. Ni ma haka.

Ba ina cewa kuɗin MEBA ne sanadin duk halin da makarantunmu ke ciki ba. Yawan yara yana ƙaruwa, ƙasa ba ta da wadata, ga rashin tsaro ya rufe makarantu a wasu yankuna. Amma ajin zana yana da farashi, kuma mun biya shi. A watan Afrilun 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kimanin 20 suka rasu. A watan Nuwamban shekarar irin haka ta faru a Maraɗi, aka rasa fiye da 25. Duk wanda ya ga iyayen nan ba zai sake ɗaukar maganar kuɗin gina aji a matsayin rigimar ƴan siyasa ta Yamai ba.

Me ke hannunmu, mu da ba mu da kujera a majalisa? Abu na farko yana cikin aji. Idan muna koyar da tarihi ko tarbiyyar ɗan ƙasa, mu saba wa yara da raba tambayoyi: me ya faru, wa ya faɗa, me ya sa ya faɗa a wannan lokaci, wace shaida ya kawo. Yaron da ya iya rubuta ranaku a jere kamar yadda muka yi a sama zai gane siyasar da ke cikin lokaci, ba kuma zai manta da tambayar kuɗin ba. Mu yi hakan ba tare da mun kawo jam'iyyarmu cikin aji ba, domin iyaye sun ba mu amanar yaransu ne, ba ƙuri'unsu ba.

Abu na biyu yana cikin harabar makaranta. Kusan kowace lakwal tana da kwamitin kula da ita, wanda muka saba kira COGES, da ƙungiyar iyaye, da ta iyaye mata. A nan ma akwai dosiye masu barci. Na ga inda kowa ya san kuɗin gudummawar iyaye ba su cika ba, aka yi shiru shekara biyu saboda ma'aji mutumin darakta ne, sai ranar da suka ɓata aka tara jama'a aka tona. Nan take rabin gari suka ce ƙiyayya ce, maganar ta watse, rijiyar makarantar ba a gyara ta ba. Maganin wannan ba shi da wuya: a sa ranar karanta lissafi tun farkon shekara, a karanta shi da Hausa a gaban kowa a ranar, ko ana shiri ko ba a shiri, a manna takardar a bango. Lissafin da ke da ranarsa ba wanda zai ce an zaɓi lokaci don a ci mutuncin wani.

Abin da muke nema daga ƙasa ke nan, sai dai girma ya bambanta. Rahoton bincike ya fito a lokacin da doka ta sa, kowa ya gani, ko ya taɓa na gida ko na waje. Shari'ar da aka fara a kai ta ƙarshe, a faɗa wa talaka nawa aka maido da inda aka sa su. Kafin mu kai can, idan an sake kama wani babba kuka ji an ce me ya sa sai yanzu, ku amsa cewa tambaya ce mai kyau, sannan ku ƙara da taku: kuɗin fa, suna ina?

Allah ya jiƙan yaranmu da sojojinmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ba mu shugabanni masu tsoronsa, ya ba mu ikon riƙe amanar da ke hannunmu.